Fada, Fasto, Rabaran ko Bishop: wa ke gaba da wa, kuma ina Bitrus da Bulus suka samo sunayensu?

Alhaji, saƙonka ya iso, Allah ya ƙara girma. Ka ce kwamitin unguwarku a Agege zai kira taron zaman lafiya, an ɗora maka rubuta takardun gayyata da tsara wurin zama, sai ka tarar a cikin baƙin akwai Fada, akwai Fasto biyu, akwai Rabaran na cocin da ake sujada da Hausa, ga kuma wani da ake ce wa Bishop, ka rasa wanda za ka sa gaba. Ka kuma tambayi abin da muke nufi da Almasihu da Triniti, da dalilin da ya sa maƙwabtanka Kiristocin Arewa suke amsa Bitrus, Bulus da Yohanna, alhali a gida guda akwai Musa da Yakubu. Tarihin ikilisiya, wato coci, nake koyarwa, kuma ina cikin masu sujada da Hausa a nan Ikko, don haka bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, laƙabin malamin coci ba ya gaya maka girmansa sai ka san ɗarikar da ya fito. Babu tsani guda da dukan Kiristoci suke hawa. Ka san yadda sarautar Madaki ko Galadima take da nauyi dabam a Kano, dabam a Zazzau, dabam a Katsina, har sai ka tambayi masarautar kafin ka san inda mutum yake zama a fada. To haka abin yake a nan. Akwai Fasto da ke shugabantar majami'u dubbai a ƙasashe da yawa, akwai kuma Bishop da duk jama'arsa ba su cika ɗaki ɗaya ba.

Asalin muƙaman guda uku ne, kuma duka suna cikin Sabon Alkawari. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin gunagunin da ya tashi a Urushalima a kan rabon abinci: masu jin Helenanci, wato Girkanci, suka ce ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabo. Manzanni suka ce bai dace su bar wa'azi su koma kan akushi ba, sai aka zaɓi mutum bakwai amintattu, cikinsu har da Istifanus da Filibus, aka ɗora musu hannu aka ba su aikin. Daga nan ikilisiya take ɗauko tushen muƙamin dikin, wato mai hidima. Na biyu dattawa ne, waɗanda Bulus yake naɗawa a kowane gari da ya kafa jama'a. Na uku mai kula da ikilisiya, wanda daga sunansa na Helenanci aka samu kalmar bishop. Wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus sun lissafta halin da ake nema a wurinsa: mijin mace ɗaya, marar shaye-shaye, marar son kuɗi, mai karɓar baƙi, wanda ya iya riƙe gidansa. A farkon zamani dattijo da mai kula kusan abu ɗaya ne. Wajen shekara ta 110 kuwa, a wasiƙun Ignatiyus na Antakiya, an riga an ga tsarin ya rabu sarai: bishop guda a gari, dattawa a ƙarƙashinsa, dikinoni a ƙarƙashinsu. Dattawan nan su ne daga baya aka riƙa kira firistoci, wato limaman coci.

Haka aka tafi har Gabas da Yamma suka rabu a 1054, sannan a 1517 Martin Luta ya ta da gyaran da ya haifi Furotesta. Daga nan mulkin coci ya kasu uku. Wasu suka riƙe bishop. Wasu, bisa koyarwar Kalbin na Janiba, suka ce majalisar dattawa ce za ta yi mulki. Wasu kuma, irin su Baftis, suka ce kowace majami'a ita ke da ikon kanta. Baƙinka biyar daga waɗannan gidaje uku suka fito, har da na huɗu da zan zo kansa.

Fada na Katolika ne. Firist ne da ya yi karatun falsafa da tauhidi shekara takwas ko fiye a makarantar horon firistoci, irin ta Bodija a Ibadan ko ta Santa Agustin a Jos, aka fara naɗa shi dikin, sannan bishop ya ɗora masa hannu. Ba ya aure, kuma dokar hakan ta kafu sosai a cocin Yamma tun majalisar Lateran ta 1139. Kada ka rubuta "da uwargidansa" a katinsa. A samansa akwai bishop mai riƙe da dayosis, wato yankin da ya ƙunshi majami'u da yawa, sai babban bishop, irin Alfred Adewale Martins da ke riƙe da Legas tun 2012. Kadinal ba wani naɗi ne na huɗu ba, muƙami ne da Fafaroma yake bai wa wasu, kuma waɗanda ba su kai shekara 80 ba a cikinsu su ke zaɓen sabon Fafaroma. Na farko daga Nijeriya shi ne Dominic Ekandem a 1976, Anthony Okogie na Legas kuma ya samu a 2003. Ko daga nesa za ka gane su: 'yar hular bishop shunayya ce, ta kadinal ja, ta Fafaroma fara, kuma bishop yana da zobe da gicciye a ƙirji da sanda mai lanƙwasa irin ta makiyayi. Sista ba limamiya ba ce. Mace ce da ta ɗauki alkawarin rashin aure da talauci da biyayya, yawancinsu a asibiti da makaranta suke aiki.

Angilika ma suna da dikin da firist da bishop, amma nasu suna aure, kuma a tsakani suna da Kanon da Benarabul, wanda yake kula da rukunin majami'u a madadin bishop. Tun 1979 cocin Angilika na Nijeriya yake cin gashin kansa da nasa babban shugaba. A nan ina so in ɗan tsaya, domin labarinsu labarin garin nan ne da muke zaune. In ka bi ta Marina ka ga babban cocin nan na Angilika, to a harabarsa kabarin Samuel Ajayi Crowther yake. Yaro ne Bayarabe daga Osogun da aka kama a 1821 aka sayar, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace jirgin bayin a 1822 aka sauke su a Saliyo. Ya yi karatu, aka naɗa shi firist a 1843, kuma ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko da Angilika suka ba wannan muƙami. Ya yi shekaru yana hawa da sauka a kogin Kwara, ya yi hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba na Bida da sauran sarakunan Musulmi, yakan kai musu kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ba ya zagin addinin kowa. A ƙarshen ransa wasu samarin Turawan mishan suka zo suka tozarta shi, suka dakatar da limaman da ya naɗa a gabansa a Onica a 1890. Ya rasu a nan Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Abin da ke min ciwo har yau shi ne, bayansa sai da aka shafe shekara sittin kafin a sake ba ɗan ƙasa cikakken dayosis a Angilikan ƙasar nan. A tsakani mataimakan bishop kawai ake naɗawa, irin su Isaac Oluwole da James Johnson.

Wannan rainin shi ya buɗe ƙofar gida na huɗu. Kiristocin Legas suka fara ficewa suna kafa nasu: 'yan Baftis a 1888, wasu a 1891, wasu kuma suka ɓalle daga cocin Angilika na Breadfruit a 1901. A 1925 ƙungiyar Kerubim da Serafim ta tashi a nan ta hannun Moses Orimolade. Cocin Selestiyal, masu farar riga da tafiya ba takalmi, Samuel Oshoffa ya kafa shi a Porto Nobo a 1947, ya shigo Legas ta Makoko. Josiah Akindayomi ya kafa Redeemed a 1952, William Kumuyi ya fara Deeper Life a 1973. Kowannensu ya tsara muƙamansa yadda ya ga ya dace, shi ya sa za ka ji Manzo, Annabi, Annabiya, Mai Bishara, Babban Mai Kula. Enoch Adeboye, da yake jagorantar Redeemed tun 1981, har yau Fasto ake ce masa. Wasu 'yan Fentikos kuma, wato cocin da suke fifita baiwar Ruhu Mai Tsarki irin su Redeemed, tun shekarun 1980 suka ɗauki laƙabin bishop. A cikinsu akwai masu jama'a mai ɗimbin yawa da tsari mai kyau, akwai kuma wanda shi ya kafa cocinsa ya kuma ba kansa sunan. Ban faɗi haka don rage darajar kowa ba. Sai dai kai mai tsara zama ya kamata ka san Bishop ɗin da ke cikin takardarka na wane gida ne.

Saura Rabaran ɗin cocin Hausa, wanda nake zaton na ECWA ne ko COCIN ko EYN ko HEKAN, wato ɗarikun Furotesta na Arewa. Waɗannan ba su da bishop sam. Shugabansu na ƙasa zaɓensa ake yi na wa'adi, ya gama ya sauka. A majami'a kuma dattawa ne suke riƙe da kuɗi da horo da shawara tare da fasto, fasto bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Mutum yakan fara da mai bishara, wanda a ƙauyukanmu Malam ake ce masa, ya je makarantar Littafi Mai Tsarki irin ta Kagoro, ko Gindiri, ko Kwarhi kusa da Mubi, ko kwalejin tauhidi ta Bukuru, a ba shi lasisi ya zama Fasto. Bayan ya yi shekaru yana aiki an ga halinsa, sai a keɓe shi da ɗora hannu ya zama Rabaran. Saboda haka a wajenmu Rabaran yana gaba da Fasto, jama'a kuma Baba suke ce masa, matarsa Mama. Fastocin farko na cocin da ya zama COCIN, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, a 1938 aka naɗa su. Luteran na Numan su ne suka bambanta a cikin 'yan'uwan nan, domin su suna da bishop tun 1973.

Ga shawarata a kan zaman. Kada ka jera su da kanka bisa laƙabi. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN, wadda aka kafa a nan Legas a 1976, tana da rukuni biyar: Katolika, majalisar su Angilika da Metodis da Baftis, 'yan Fentikos, cocin da 'yan Afirka suka kafa, sai TEKAN, wato tarayyar su COCIN da EYN da HEKAN, tare da ECWA. Tana da shugaba a kowace ƙaramar hukuma. Shi za ka ba kujerar gaba ko da Fasto ne kawai, ka bar masa ya ce wa zai yi addu'ar buɗewa, sauran ka jera su bisa shekaru. A takarda kuwa ka aika yaro ya kwafo sunan kowa da laƙabinsa daidai yadda yake a allon ƙofar cocinsa. Da baki, "Baba" ko "ranka ya daɗe" ba ya ɓata wa kowa rai.

Sai kalmomin tauhidi. Almasihu ma'anarsa shafaffe. A Isra'ila ta dā da mai ake shafe sarki da babban firist ranar naɗi, kamar yadda annabi Sama'ila (Samuel, ba Isma'ila ɗan Ibrahim ba) ya shafe Dawuda, sai annabawa suka yi alkawarin wani shafaffe da zai zo. Almasihu daga Ibrananci ta biyo ta Larabci, Kristi kuwa fassararta ce da Helenanci, saboda haka Yesu Kristi da Yesu Almasihu magana ɗaya ce. A Antakiya aka fara kiran mabiyansa Kirista. Linjila a wurinmu ba littafi guda ba ne da aka saukar wa Yesu, labarin rayuwarsa da mutuwarsa da tashinsa ne ta hannun Matiyu da Markus da Luka da Yohanna. Sabon Alkawari littattafai 27 ne a wurin Katolika da Furotesta duka, kuma jerinsu cif yadda muke da shi yau ya fara bayyana a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya ta Masar, a 367. A Tsohon Alkawari ne aka bambanta: Furotesta 39, Katolika 46.

Triniti ita ce inda ni da kai muka rabu, kuma ba zan shafa mata mai ba, domin zaman lafiyar da aka gina a kan ɓoye bambanci ba ya daɗewa. Amma ina so ka ji ta daga bakin mai ita. Ba mu ce alloli uku ne ba, duk Kiristan da ya faɗi haka ya fita daga koyarwar ikilisiya. Maryamu ba ta ciki. In mun ce Ɗan Allah, ba haihuwa ta jiki ko aure muke nufi ba, wannan a wurinmu ma saɓo ne. Abin da muke shaidawa shi ne Allah ɗaya ne, kuma a cikin ɗayantakarsa akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tun fil azal. Kalmar kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, shi ya fara amfani da ita da Latin wajen shekara ta 200 don ya taƙaita abin da ya karanta a ciki. Rigima ta tashi da wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a 325, suka ƙi koyarwar Ariyus, majalisar Kustantiniya ta 381 kuma ta cika bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Ka lura da garuruwan: Kartaj, Iskandariya, ga kuma Hippo ta Aljeriya inda Agustin ya yi bishop har ya rasu a 430. Mutanen nahiyar nan ne suka yi wannan aiki ƙarnuka kafin bishara ta kafu a yawancin ƙasashen Turawan da suka kawo mana ita. Na san Alkur'ani bai yarda da wannan koyarwa ba, ban kuma rubuta don in ja ka muhawara ba. A taronku dai kowa ya yi addu'a yadda addininsa ya koya masa, kada a nemi wani ya rage tasa.

To, sunaye. Kashi biyu ne. Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yusufu, Musa, Haruna, Dauda, Sulemanu, Ayuba, Iliya, Zakariya, Maryamu, duk suna cikin Littafi Mai Tsarki tun asali, masu fassara kuma da suka zo sun tarar Bahaushe ya riga ya san su ta hanyar Musulunci, sai suka bar su yadda bakinsa ya saba. Ba aro ba ne daga wani ɓangare, gado ne da ya zo wa kowa ta ƙofarsa. Kashi na biyu su ne waɗanda babu su a Alkur'ani: manzannin Yesu da wasu annabawa da mata. A nan masu fassara ba su ɗauko na Turanci ba, suka bi yadda Kiristocin Larabawa na Masar da Sham suke faɗa. Su ke cewa Butrus, Bulus, Yuhanna, Istifanus, Filibbus, Andarawus, Irmiya. Ka tuna Butrus Butrus Ghali, Bamisiren da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1992 zuwa 1996? Kirista ne Bakibɗe, kuma sunansa ɗaya da Bitrus maigadin layinku. Yesu ma haka ne, Kiristocin Larabawa Yasu'u suke cewa, Musulmi kuma Isa. Sunayen mata kuwa aka ɗora su a kan ƙirar A'ishatu da Hadizatu, aka samu Saratu, Rifkatu, Hannatu, Lai'atu, Alisabatu.

Yadda aka yi aikin ma yana da daɗin ji. Wani Bajamushe mai aiki da mishan ɗin Angilika, James Schön, ya hau kogin Kwara tare da Crowther a 1841, ya kamu da son Hausa. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth ya koma Turai da samari biyu da aka 'yanta, Dorugu da Abbega. Dorugu, Bahaushe daga wajen Damagaram, ya zauna a gidan Schön a Ingila, kuma daga bakinsa aka kwashi Hausar da aka yi nahawu da ƙamus da fassarar farko ta sassan Littafi Mai Tsarki. Daga baya ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano. Amma Hausar littattafan nan ba ta zauna daidai a kunnen mutane ba, sai da aka sake aiki.

Sake aikin ta Legas ya biyo. Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a tashar jirgin ruwan nan da nufin shiga ƙasar Hausa. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma. Daga wannan mishan ɗin ECWA ta fito a 1954. A farkon 1900 kuma Bishop Herbert Tugwell ya tashi daga Legas da mutum huɗu, cikinsu har da likita Walter Miller da ya koyo Hausa a wurin alhazai da fatake a Tarabulus. Suka bi ta Jebba da Zariya har Kano, Sarki Alu Babba ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, ɗayansu ya rasu a can. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma shi ya jagoranci fassarar da ta fito cikakkiya a 1932, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa magana. A cikin waɗanda suka zo wurinsa akwai zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano da ya riƙa fifita Annabi Isa a karatunsa har aka kashe shi a ƙarni na 19, mabiyansa suka watse wajen Ningi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga wannan tsatso yake, sunan mahaifinsa Bulus. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, mahaifinsa Yohanna mai bishara ne.

Za ka ce yawancin masu sunayen nan ai ba Hausawa ba ne. Gaskiya ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautu, sai suka karkata zuwa Filato da Kudancin Zariya da Adamawa da Tangale da Zuru, inda harsuna suke da yawa ƙwarai. Ba su iya fassara wa kowa nasa ba, Hausa kuwa ana jinta a kasuwa, sai ta zama harshen makaranta da wa'azi da waƙa. Birom da Tarok da Bajju da Bura da Margi suka karanta littafin 1932, ranar baftisma kowa ya zaɓi suna daga ciki. Mishan-mishan kuma sun raba ƙasa a tsakaninsu don kada su yi karo, shi ya sa har yau garin mutum yakan nuna cocinsa: na Garkida, inda aka fara a 1923, da Cibok yawanci EYN, na Langtang da Panyam COCIN, na Kwoi da Kaltungo ECWA, na Numan Luteran. Da aikin soja da ɗan sanda da gadi da kasuwa suka kawo mutanenmu Ikko, kowa ya taho da cocinsa, shi ya sa kake jin waƙar zumuntar mata da tulu da kacau-kacau tana tashi da Hausa ranar Lahadi a wajen barikoki da Mile 12 da Agege.

In ka leƙa irin wannan sujada za ka ga wani abu. Mai karatu ya ce a buɗe Bishara ta hannun Yohanna, wata tsohuwa ta buɗe nata mai baƙin bango da ya sha hannu ta samu Yohanna, matashin da ke gefenta ya duba nasa ya ga an rubuta Yahaya. Dalili shi ne fassarar da ta fito wajen 1979 ta matso kusa da sunayen da Bahaushe ya sani, ta sa Yahaya a wurin Yohanna, ta sa Almasihu a wurin Kristi. Mutane dai suka ci gaba da raɗa wa 'ya'yansu Yohanna. Ka kuma san masu sunan biyu ne: ɗan Zakariya mai yin baftisma a kogin Urdun, wanda ku kuke kira Annabi Yahaya, da ɗan Zabadi masunci, almajirin Yesu. Yakubu ma haka, akwai jikan Ibrahim, akwai manzanni biyu, akwai kuma wanda ya shugabanci ikilisiyar Urushalima.

A nan Legas sunayen nan suna fuskantar wata matsala da nake gani kullum. Yaro sunansa Bitrus a gida, ya shiga makaranta malami ya kasa rubutawa ya mai da shi Peter, Bulus ya koma Paul, Rifkatu ta koma Rebecca. Ranar da za a haɗa takardar makaranta da lambar NIN da asusun banki sai a ce mutum biyu ne, a tura shi kotu ya yi rantsuwa ya buga a jarida. Ina roƙon iyaye a cocinmu su tsaya a kan suna ɗaya tun daga takardar haihuwa, kuma in son samu ne su riƙe na Hausan, domin ya fi shekara ɗari a bakinmu. Kai ma in za ka rubuta sunan Rabaran ɗin nan ko na wani maƙwabcinka a jerin 'yan kwamiti, ka tambaye shi wanne ne a katinsa, ka rubuta wannan.